Ko Laifi Ne Mai Ciwon Sukari Ya Gyara Lamba a Littafinsa?

A gidajenmu da yawa yau akwai wani ɗan littafi wanda a kan ajiye kusa da kwalbar magani. Mai ciwon sukari ne ke riƙonsa. Da sassafe, tun bai karya kumallo ba, ya kan soki gefen ɗan yatsansa da tsinin allura, ya sa ɗigon jini a bakin 'yar takardar awo, na'ura ta nuna masa lamba, shi kuwa ya rubuta lambar da ranar da lokacin. Ran da ya tafi asibiti ya kan miƙa wa likita littafin, likita ya duba, kana ya san abin da zai yi game da magani.

To, a ce ga wani magidanci, mutum mai mutunci wanda ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Gobe ce ranar asibitinsa. Da dare ya kunna fitila, ya buɗe littafin, ya tarar kwana tara a jere babu rubutu ko ɗaya. Ga kuma wata rana, kashegarin bikin auren 'yar ƙanensa, lamba ta kai 310. Sai ya tuna faɗan da aka yi masa a gaban mutane wancan zuwan. Ya ɗauki alƙalami ya cike kwana taran nan da lambobi masu kyan gani. Wannan 310 kuwa ya mai da ita 130, yana cewa a ransa, ai lambobin nan uku ne dai, wurin zama kaɗai na sake musu.

Tambayarmu ke nan a wannan wata: mutumin nan ya yi laifi, ko bai yi ba? Bai ɗauki anini na kowa ba. Bai yi wa maƙwabcinsa ƙazafi ba. Littafin nasa ne, jinin nasa ne, alƙalamin ma shi ya saya. Kada mu yi saurin yanke masa hukunci, gama da yawa a cikinmu sun yi irin wannan, waɗansunmu kuma su ne suka sa aka yi. Bari mu bi zancen sannu a hankali.

Abin da lambar ke faɗi

Tuwo da shinkafa da doya da kunu, in sun shiga ciki, su kan narke su zama wani irin sukari wanda ke shiga jini. Wannan sukari shi ne abincin naman jiki. Amma ba ya iya shiga naman jiki sosai sai da taimakon wani ruwa da a ke kira insulin, wanda wata gaɓa a bayan tumbi ke yi. In insulin ya ƙare, ko ya kasa, ko kuwa jiki ya daina jin aikinsa, sai sukari ya taru cikin jini. Shi ke nan ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a shekara ta 1990 zuwa miliyan 830 a shekara ta 2022.

Mai lafiya in ya kwana bai ci kome ba, awonsa ya kan tsaya ƙasa da 100. In aka sami 126 ko fiye, aka sake awo wata rana aka sami haka, likita zai ce ciwon sukari ne. Ga yawancin manya masu ciwon, abin da a ke nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 kuma awa biyu bayan an ci, ko da ya ke likita ya kan sa wa kowa iyakarsa bisa ga shekarunsa da ƙarfin jikinsa. Ƙasa da 70 kuwa sukari ya faɗi ke nan. Waɗansu na'urori suna ƙirga da wani ma'auni dabam, su nuna ƙananan lambobi kamar 7.0 ko 10.0. In ka raba babbar lamba da 18 ka sami ƙaramar, watau 126 ita ce 7.0, 180 kuma ita ce 10.0.

Abin da ya sa awo ya zama wajibi shi ne, wannan ciwo ba ya cika yin shela. Mai zazzaɓi ya san yana zazzaɓi. Amma mutum ya iya yawo da sukari 200 cikin jininsa shekara da shekaru, yana noma yana cin kasuwa, ba ya jin kome, alhali kuwa ƙananan jijiyoyin jini na idonsa da ƙodarsa da ƙafarsa suna lalacewa a ɓoye. An ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A wannan ciwo kam mai ɗakin ba ya sani, sai awo ya faɗa masa.

Ba da sauƙi aka sami awon nan ba

Ya kamata mu san wahalar da aka sha kafin 'yar na'urar nan ta iso hannunmu. Likitocin Indiya na zamanin dā sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin waɗansu marasa lafiya, abin da mutanenmu ma sun sani. A shekara ta 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta cewa fitsarin masu wannan ciwo yana da zaƙi. A 1776 Matthew Dobson na Liverpool ya ƙafar da fitsarin, ya sami sukari a ƙasan kwano. Tun wajen 1908 aka sami ruwan awo mai launin shuɗi na Stanley Benedict. A kan ɗiga fitsari ɗigo takwas a ciki, a tafasa, a duba ko ya koma kore, ko rawaya, ko ja kamar jan bulo. Amma sukari ba ya cika fitowa a fitsari sai ya haura kamar 180 a jini, awon fitsari kuma ba ya iya nuna faɗuwar sukari ko kaɗan.

A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairu na 1922 kuma aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa ya farfaɗo. Amma allura mai ƙarfi haka tana bukatar ido, gama in ta yi kaɗan ba ta isa ba, in ta yi yawa ta kayar da mutum. Sai a wajen 1970 aka ƙera na'urar farko mai karanta sukari daga ɗigon jini, tana da nauyi, a asibiti a ke aiki da ita. Bayan shekara goma ko fiye ta fara shiga gidajen mutane. Watau kusan shekara ɗari uku aka yi ana neman mashaidi wanda zai faɗa wa mutum nan take abin da ke cikin jininsa. Wannan mashaidi ne magidancinmu ya toshe wa baki da alƙalami.

Ba shi kaɗai ba ne

Kada wani ya ce wannan halin mutanenmu ne, ko halin marasa ilimi. A shekara ta 1984 wani mai bincike, Roger Mazze, da abokan aikinsa a birnin New York ta Amurka suka buga labarin wani gwaji. Sun ba masu ciwon sukari 19 na'urorin awo waɗanda aka sa wa abin ajiye lamba a ciki, ba su kuwa faɗa musu ba. Aka ce su riƙa rubuta awonsu a littafi kamar yadda suka saba. Da aka gwada littattafan da abin da na'urorin suka ajiye, sai aka ga kashi uku cikin huɗu na mutanen sun rubuta ƙasa da ainihin awonsu. Kimanin kashi 26 cikin 100 na lambobin littafi ba su yi daidai da na na'ura ba. Waɗansu awon an yi su ba a rubuta ba, waɗansu kuwa an rubuta su ba a yi ba.

A shekara mai biye suka sake gwadawa, amma wannan karon suka faɗa wa mutanen tun farko cewa na'urar tana ajiye kowace lamba. Bambancin ya kusa ɓacewa sarai. Ashe hannun ya iya rubuta daidai tun dā, sanin ana kallo ne ya rasa. Wannan abin tunani ne ƙwarai, ba ga masu ciwon sukari kaɗai ba. Gaskiyar da mutum ke riƙewa sai in akwai mai duba shi, tasa ce, ko ta mai dubawa?

Hujjojin mai gyara lamba

Mu saurari magidancin nan, gama yana da abin faɗi. Hujjarsa ta fari ita ce, "Jikina ne, ban cuci kowa ba." Amma sai mu tambaya, don me a ke rubuta lambar? Ba don a ba shi lambar yabo ba ne kamar ɗan makaranta. Da ita likita ke auna magani. In littafi ya ce 130 alhali jini ya ce 310, likita zai ce, "Madalla, Baba, ci gaba da abin da ka ke sha," ya sallame shi da maganin da bai ishe shi ba. Watanni uku su wuce a haka, kana waɗansu uku.

Mun san abin da waɗannan watanni ke ci. Daga 1983 zuwa 1993 aka yi wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu irin ciwon sukarin da ba a rayuwa da shi sai da insulin. Rabinsu suka riƙa awo sau huɗu ko fiye a yini, ana gyara musu allura bisa ga lambobinsu. Rabi kuwa suka bi hanyar da aka saba a lokacin. A cikin waɗanda idonsu ke lafiya da farko, masu yawan awo sun sami ragin haɗarin ciwon ido da kashi 76 cikin 100, lalacewar jijiyoyi kuma ta ragu da kashi 60. A Ingila aka yi wani binciken a kan mutum fiye da 5,000 masu irin ciwon da ya fi kama manya, aka buga sakamakonsa a 1998, shi ma ya nuna rage sukari yana kāre ido da ƙoda. Amma binciken farkon ya nuna wani abu kuma: waɗanda aka matsa wa sukarinsu ƙasa sun fi sauran faɗuwar sukari mai tsanani kamar sau uku. Hanyar ƙunci ce ke nan, rami a dama rami a hagu, likita kuwa ba shi da fitila sai littafin.

Don haka ɓoye ƙaramar lamba ya fi ɓoye babba saurin kisa. A ce mai tuƙin mota ya ga 55 har sau biyu cikin mako, ya ƙi rubutawa don tsoron kada a hana shi aiki. Ran da jikinsa ya ɗauki rawa, zufa ta karyo masa, hankalinsa ya ruɗe a kan hanya, ba shi kaɗai ke cikin motar ba. Shi ma magidancinmu, in idonsa ya dushe yana da shekara hamsin da biyar, wa zai ja masa gora? In aka yanke masa ƙafa, wa zai bar makaranta ya kama gona? Mutumin da ke ciyar da gida ba ya iya cewa jikinsa nasa ne shi ɗaya.

Hujja ta biyu ta fi ta fari taushi. Ya ce, "Uwargida ce ke duba littafin. In ta ga 310 ba za ta yi barci ba. Tausayinta na ji." Ba mu raina wannan ba, gama daga ƙauna ya fito. Amma irin tausayin nan rance ne mai ruwa. An saya mata barcin dare ɗaya, za ta biya da darare masu yawa a bakin gadon asibiti. Har wa yau, ita ce ke tuƙa tuwo. In ba ta san malmala uku da kwalbar lemo sun kai shi 310 ba, ta yaya za ta san abin da za ta rage? An hana ta abin da za ta taimake shi da shi, aka ce an ji tausayinta.

Hujja ta uku akwai gaskiya a cikinta, ya kamata kuwa mu yarda. Ya ce, "Lambar nan ba kullum ta ke nuna abin da na yi ba. Wani lokaci na kiyaye bakina sarai, ta hau duk da haka." Haka ne. Zazzaɓin cizon sauro ya kan hau da sukari. Haka rashin barci, da ɓacin rai, da ƙurji mai ruɓa, da waɗansu magunguna. Wanda ya ɓare mangwaro bai wanke hannu ba, na'ura za ta auna zaƙin da ke kan yatsansa ta haɗa da na jini. Takardun awo da suka sha zafin rana ko suka wuce kwanansu su kan ba da lambar banza. Amma maganin wannan shi ne a ƙara gaskiya a kan gaskiya. A bar lambar yadda ta ke, a rubuta a gefenta, "ina zazzaɓi," ko "mun yi rasuwa," ko "na manta maganin dare." Lamba da dalilinta sun fi lamba tsirara amfani ga likita nesa ba kusa ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi a ƙasarmu. Kwana taran nan da babu rubutu, watakila ba lalaci ba ne. Takardun awo sun ƙare, kuɗin da ke hannu kuwa na hatsi ne. Mutum mai mutunci ya kan ji kunyar cewa ba shi da shi, ya gwammace ya ƙirƙiri lamba. Mu kam muna cewa, layin da aka bari fari ba abin kunya ba ne. Gaskiya ya ke faɗi, cewa ran nan ba a auna ba. In ya rubuta "ba takarda," likita mai hankali zai shirya masa awo gwargwadon aljihunsa: yau da asuba, jibi bayan abincin rana, wata rana kafin barci, har a sami hoton mako da takardu kaɗan. Ba kowane mai ciwon ne ma ke bukatar awo kowace rana ba. Mai allurar insulin ya fi bukata, mai shan ƙwaya kaɗai sau da yawa kaɗan ya ishe shi, likitansa ne zai faɗa. Lamba huɗu na gaske sun fi talatin na ƙirƙira.

Rabon waɗanda ke kewaye da shi

Yanzu fa mun amsa wa magidancin, mun ce ya yi laifi. Amma in muka tsaya nan ba mu yi adalci ba. Me ya sa mutumin da ba ya yi wa kowa ƙarya a kasuwa ya yi wa littafinsa? Tsoro ne. An mai da lambar alƙali, alhali ita mashaidiya ce. Mashaidi ya kan faɗi abin da ya gani, ba ya cewa mutumin kirki ne kai ko mugu. Mu ne muka ɗora mata rawanin alƙalanci. Mu ne mu ke cewa "lamba mai kyau" da "lamba mummuna," har mai ciwon ya ji kamar shi ne mai kyau ko mummunan.

Duba yadda a kan yi a gida. Ɗa ya ɗauki littafin mahaifinsa ya ce, "Haba Baba, me kuma kuka ci? Ba na hana ku ba?" Dattijo mai shekara sittin ya sunkuyar da kai a gaban ɗan cikinsa. Gobe zai nuna masa littafin kuwa? Zai nuna, amma wanda ya gyara. Da ɗan ya ce, "Baba, na ga ta hau ran Asabar. Ko jikin ne ya motsa, ko abincin bikin ne? Mu rubuta don likita ya gani," da mahaifin ya faɗa masa har abin da bai tambaya ba. Haka kuma a asibiti. Mun san ma'aikatan suna da aiki fiye da ƙarfinsu, layi dogo, likita ɗaya. Amma wanda ya daka wa majiyyaci tsawa a kan 310, ya koya masa ya kawo 130 wata mai zuwa. Wanda ya ce, "Na gode da kika rubuta wannan, Mama, ita na ke nema," ya sami littafin gaskiya har abada.

Akwai kuma rabon mu masu biki da masu karɓar baƙi. Mu ne mu kan tura wa mutum kwalbar lemo mu ce, "Ɗaya dai ba ta kisa," in ya ƙi mu ce ya raina mu. Kashegari shi kaɗai zai fuskanci lambar. Wanda ya haƙa wa ɗan'uwansa ramin da ya faɗa, bai kamata ya tsaya a baki yana yi masa faɗa ba.

Ai za a gane

Wani zai ce, a bar dogon zance, a faɗa masa kawai cewa za a kama shi. Gaskiya ne ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1968 wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, ya ga wani abu dabam cikin jan jinin masu ciwon sukari. Daga nan aka sami awon da a ke kira HbA1c. Sukari ya kan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa suna rayuwa kimanin kwana 120, saboda haka awo ɗaya ya kan nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Ga yawancin manya a kan nemi ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100. In littafi cike ya ke da 120 da 130, wannan awo kuwa ya ce kashi 11, likita ya gane. Na'urorin gida na yanzu ma suna ajiye lambobi da kwanakinsu, akwai kuma wani ɗan abu da a ke manna wa dantse yana awo dare da rana.

Amma ba mu so mu kafa zancenmu a kan tsoron kamu, saboda dalili biyu. Na fari, waɗannan masu tsaro ba ko'ina su ke ba, ba kuwa kullum su ke gani daidai ba. Awon HbA1c yana da tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba, ga masu ciwon sikila da masu ƙarancin jini kuma ya kan ba da amsar da ba a dogara da ita, waɗannan kuwa suna da yawa a cikinmu. Matsakaici ne kawai ya ke nunawa: wanda ke lilo tsakanin 50 da 300 ya iya samun matsakaici mai kyan gani. Na biyu, ko na'urar da ta fi kowace wayo lamba kaɗai ta sani. Ba ta san ko ka sha magani ba, ba ta san abin da ka ci a gidan abokinka ba, ba ta san ka bar maganin asibiti ka koma ga wani jiƙo da aka sayar maka a tasha ba. Wannan layi na gefe ba mai cika shi sai kai. Wanda ya ce yana shan magani alhali ba ya sha, likita zai ga sukari a sama ya ƙara masa ƙarfin maganin, ran da ya sha kuwa ya kayar da shi. Ko an ƙera na'ura dubu, amana tana nan inda ta ke, a hannun mai alƙalami.

Yadda ya kamata a riƙe littafin

Ga abin da mu ke ba 'yan'uwa shawara. A wanke hannu da sabulu a shanya kafin awo. A ajiye takardun awo cikin gwangwaninsu a rufe, a inuwa. A rubuta lambar nan take, tun tana kan na'ura, gama abin da aka bari sai dare zuciya ta kan yi masa kwaskwarima. A ja layi biyar: rana, lokaci, lamba, maganin da aka sha, da abin da ya faru. Ran da ba a auna ba a bar wurin fari. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta daidai a gefe, kada a goge.

In lamba ta faɗi ƙasa da 70, mutum yana cikin hankalinsa, a dama cokalin shayi uku ko huɗu na sukari a ruwa ya sha, a sake awo bayan minti 15, kana ya ci abinci, a kuma rubuta. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti. In lamba ta tsaya sama da 300, ko kuwa tana sama ga amai da ƙishirwa mai tsanani, kada a jira ranar asibiti. Mutanen gida su san waɗannan abubuwa kamar yadda mai ciwon ya sani.

Mu koma wurin magidancinmu da fitilarsa. Ya riga ya rubuta 130, tawada ta bushe. Abin da ya rage masa ƙarami ne, amma yana da nauyi. Ya ja layi a kan lambar, ya rubuta 310 a gefe, ya ƙara da "bikin aure." Ya ja layi a kan kwana taran nan ya rubuta "ba takarda." Gobe ya miƙa littafin da zane-zanensa. Watakila a yi masa faɗa, watakila ba a yi ba. Ko an yi, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kunyar minti biyar kuwa ba ta kai makanta ba. Mu kuma da za a miƙa wa irin wannan littafi, ko a gida ko a asibiti, mu karɓa da hannu biyu, mu fara da sannu kafin tambaya, domin wanda ya kawo mana gaskiya yau ya sami ƙarfin kawo ta wata mai zuwa.